Ɗakin Da Ake Tuƙa Wutar Ƙasa: Yadda Ake Tsara Manhajar Sa Ido Kan Injuna

Jama'a, da yawanmu ba mu manta da ranar Lahadi 7 ga watan Maris na 2021 ba, ranar da wuta ta ɗauke bayan azahar a duk faɗin ƙasar Gana, tun daga Ankara har zuwa Bawku. Mai walda a Nima, da mai injin niƙa a Ashaiman, da uwargidan da ke sayar da ƙanƙara a Zangon Kumasi, kowa ya naɗe hannu yana jira. In irin haka ta faru, abin da muka saba yi shi ne mu yi tsaki, mu tuna da shekarun dumso, mu ɗora laifi a kan ma'aikatan wuta. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar kansu: shin wane ne ke ganin abin da ke gudana a cikin waɗannan wayoyi masu tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma da wane ido yake gani?

To, amsar ita ce akwai wani ɗaki a Tema, na kamfanin GRIDCo mai kula da manyan layukan wuta, inda injiniyoyi ke zaune dare da rana gaban allunan kwamfuta. Abin da suke kallo ba wayoyin ba ne, hotonsu ne wanda wata manhaja ke zana musu. Turawa suna taƙaita sunan irin wannan manhaja da SCADA, ana furta shi skada, ma'anarsa kuwa sa ido kan injuna daga nesa, da tattaro labarinsu, da aika musu umarni. Da ita ake tafiyar da tashoshin wuta, da gidajen ruwa, da bututun mai, da matatu, da manyan masana'antu a duk duniya. A wannan wata mun ga ya kamata mu duba yadda ake tsara ta, domin shawarar da mai tsarawa ya yanke a ofishinsa tana iya zama sanadin kwanan mutum miliyan a cikin duhu.

Me ya sa sai da ita?

Wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Abin da tashoshi ke samarwa dole ya yi daidai da abin da jama'a ke sha a kowane sakan. A ƙasarmu wutar tana juyawa sau 50 a cikin sakan ɗaya. In masu sha suka fi ƙarfin abin da ake samarwa sai adadin ya faɗi, in ya faɗi da yawa kuwa sai injuna su kashe kansu don gudun lalacewa, wannan ya ja wancan, har ƙasa ta yi duhu. Ga shi kuma tashoshin a warwatse suke: madatsar Akosombo mai injuna 6 da ƙarfin megawat 1,020, da ta Kpong wadda aka gama a 1982 mai megawat 160, da ta Bui wadda ta fara aiki a 2013, ga kuma tashoshi masu ƙona gas da mai a Aboadze da Tema. Babu ɗan Adam da zai iya bin duk wannan da wayar tarho da takarda.

Ginin skada hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ma'aunai da ke manne da injin, masu auna zafi, ko matsin ruwa, ko ƙarfin wuta, ko su faɗi cewa makunni a buɗe yake ko a rufe. A samansu akwai ƙananan kwamfutoci masu jure zafi da ƙura, waɗanda ke zaune a bakin injin. Masu sana'ar suna kiran su PLC ko RTU, mu kuwa a nan za mu kira su wakilai. Sai hanyar sadarwa, ko ta waya, ko rediyo, ko zaren gilashi. Daga nan sai uwar kwamfuta da ke riƙe da sunan kowane ma'auni da abin da ya faɗa na ƙarshe, da rumbun da ke ajiye tarihin duk abin da ya wuce. A can ƙoli sai allon da ma'aikaci ke kallo. A kowane hawa akwai zaɓin da mai tsarawa zai yi, kuma kowane zaɓi da ribarsa da hasararsa.

Zaɓi na farko: a ina hukunci yake?

A shekarun 1960 da 1970 kwamfuta abu ne mai tsada ƙwarai, saboda haka sai a sayi babba guda ɗaya a tattara mata komai. Ita ke ji, ita ke gani, ita ke yanke hukunci, kamar garin da ko rigimar akuya sai an kai gaban sarki. Aibin wannan a fili yake: ranar da ta kwanta ciwo, ko wayar da ke zuwa wurinta ta tsinke, komai ya tsaya.

Canji ya fara ne a 1968, lokacin da kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya nemi wata na'ura da za ta maye gurbin tarin makunnai da wayoyin da sai an warware su duk lokacin da aka sauya samfurin mota. Wani injiniya mai suna Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084, wadda ake lissafa ta cikin PLC na farko. Dabarar da suka yi ita ce rubutun da ake ba ta umarni da shi ya yi kama da zanen wayoyin da masu gyaran wuta suka saba karantawa, mai siffar tsani, don kada a ce sai an nemo masanin lissafi kafin a gyara ta. Har yau ana amfani da wannan rubutu, yana kuma cikin waɗanda ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61131-3 ta amince da su a 1993. A 1975 kuma kamfanin Honeywell na Amurka da Yokogawa na Japan suka fito da tsarin da ya rarraba aikin sarrafa masana'anta ga kwamfutoci da dama.

Daga nan ne aka tsaya kan ƙa'idar da ake bi yanzu: hukuncin gaggawa na wakili ne, uwar kwamfuta sa ido kawai take yi tana ba da manyan umarni. In tsawa ta faɗa kan layin wuta, na'urar kariya da ke wurin ce ke yanke shi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ta aika labari. In sadarwa ta yanke, wakilin da ke kula da tankin ruwa zai ci gaba da kunna famfo yana kashewa bisa umarnin da aka bar masa. Mai unguwa ba ya jiran saƙon sarki kafin ya sa a kashe gobara.

Zaɓi na biyu: yaya labari ke zuwa?

Hanya biyu ce. Ta farko, uwar kwamfuta ta riƙa bin wakilai ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kamar malamin da ke kiran sunayen ɗalibai, in ta kai ƙarshe ta sake komowa farko. Haka yaren Modbus yake aiki, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979 kuma har gobe yana nan a masana'antu saboda sauƙinsa. Amfanin wannan hanya shi ne duk wanda bai amsa ba an san da matsala. Aibinta kuwa, yawancin amsoshin "babu sabon labari" ne, suna cin hanya a banza, kuma abin da ya faru ya wuce tsakanin tambaya da tambaya yana iya kuɓucewa.

Hanya ta biyu ita ce wakili ya yi shiru sai in wani abu ya sauya, sannan ya aiko da labarin haɗe da ainihin lokacin da abin ya faru. Yaruka irin su DNP3 na 1993 da IEC 60870-5, waɗanda kamfanonin wuta ke amfani da su, suna iya yin haka. Wannan lokaci da ake liƙa wa kowane saƙo yana da muhimmanci ƙwarai, domin bayan an yi ɓarna da shi ake gane wane makunni ne ya fara faɗuwa, wanne ya biyo baya. A 1999 wasu injiniyoyi biyu, Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper, suka ƙirƙiro MQTT don bututun mai da ke cikin daji, inda ake biyan kuɗi mai yawa kan kowane saƙon da ya bi ta tauraron ɗan Adam. Sai dai ita ma wannan hanya da tarkonta: in wakili ya yi shiru, lafiya ce ko mutuwa ya yi? Shi ya sa mai tsari na ƙwarai ke sa kowane wakili ya riƙa yin gyaran murya lokaci-lokaci, kuma duk lambar da ta kwana biyu ba a sabunta ta ba a nuna ta a allo da alamar cewa kada a yarda da ita.

Zaɓi na uku: yaren gida ko na kasuwa?

A da, kowane kamfani da yarensa na sirri. Wanda ya sayi kayan kamfani ɗaya ya auru ke nan, ba ya iya ƙara ko ma'auni ɗaya na wani kamfani sai da tafinta mai tsada. A 1996 wasu kamfanoni suka haɗu suka fito da OPC don kayan masu ƙera daban-daban su fahimci juna, daga baya aka sabunta shi zuwa OPC UA wanda bai dogara da Windows ba kuma yana da kariya a jikinsa. Mu da muka san amfanin Hausa a kasuwar da ta tara ƙabilu goma ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai kuma bambanci a yadda ake gina manhajar kanta. Wani yana rubuta kowane famfo daban, da sunansa da zanensa da ƙararrawarsa. In famfo 200 ne, aiki 200 ke nan, in aka gano kuskure kuma gyara 200. Wani kuwa yana yin ma'auni guda na famfo, kamar yadda tela ke yanka takardar samfuri, sauran duk a fitar da su daga jikinsa, gyara ɗaya ya game kowa. Hanya ta biyu tana cin lokaci da farko, amma ita ce ke sauƙaƙa wa wanda zai gaji aikin bayan shekara 15, lokacin da mai ginin ya daɗe da komawa ƙasarsu.

Zaɓi na huɗu: me za a nuna wa ma'aikaci?

A nan ne aka fi yin asara kafin a koyi darasi. Da asubahin 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wani bawul ya buɗe don rage matsi, sai ya ƙi rufewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufu, alhali kuwa abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, ba wai ya bi umarnin ba. Ruwan sanyaya tukunyar ya yi ta zuba fiye da awa biyu, ƙararrawa sama da 100 suna ta kuka tun a mintocin farko, har kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Darasin da aka ɗauka shi ne allo ya nuna abin da ya faru, ba abin da aka so ya faru ba. An aiki yaro daban, yaro ya je daban.

Sai kuma ranar 24 ga Yuli 1994, a matatar mai ta Texaco da ke Milford Haven a ƙasar Birtaniya. A cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewar da ta jikkata mutum 26, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275, yawancinsu an ba su matsayin gaggawa iri ɗaya. In kowa na ihu a lokaci guda, ba a jin mai gaskiya. Dalilin wannan yawa kuwa shi ne a zamanin fitila da waya kowace ƙararrawa kuɗi ce, ana tunani kafin a sa ta. Da kwamfuta ta zo sai ƙara ta ya zama kyauta, kowa ya yi ta ƙarawa. Bayan wannan ne, a 1999, aka fitar da jagorar EEMUA 191, wadda ta ba da shawarar cewa a lokacin zaman lafiya kada ƙararrawa ta wuce ɗaya a minti 10, kuma ko da rikici ya tashi kada ta wuce 10 a minti 10 na farko. Sharaɗin sa ƙararrawa shi ne akwai abin da ma'aikaci zai yi a kai, kuma yana da lokacin yin sa.

Haka nan ado ya zama abin gudu. A shekarun 1990, da allo mai launi ya yi araha, an yi ta zana tukwane masu walƙiya da harshen wuta mai rawa, domin suna burge manyan baƙi. Masu tsari na yanzu, bisa ƙa'idoji irin su ISA-101 ta 2015, sun fi son allo mai launin toka, a ajiye ja da rawaya sai ga abin da ya ɓaci, ta yadda ido zai faɗa kansa nan take. Kuma lamba ita kaɗai ba ta isa ba: in aka rubuta 73, sai a nuna iyakar da ya kamata ta tsaya a ciki, da kuma ko hawa take yi ko sauka.

Zaɓi na biyar: in mai gadin ya yi barci fa?

Ranar 14 ga Agusta 2003, da misalin ƙarfe 2:14 na rana, sashen ƙararrawa na manhajar XA/21 da kamfanin FirstEnergy ke amfani da ita a jihar Ohio ya cije, saboda wani ɓoyayyen kuskure da ke fitowa in sassa biyu na manhajar suka yi rububin rubutu a wuri ɗaya a lokaci guda. Bai yi kuka ba, bai ce ya mutu ba, shiru kawai ya yi. Da uwar kwamfutar ta gaza sai aikin ya koma kan ta biyu da aka ajiye don irin wannan rana, ita ma ta ɗauki cutar ta faɗi. Bayan ƙarfe 3 manyan layuka suka fara taɓa bishiyoyi suna yankewa, kamfanonin maƙwabta suna bugo waya, amma masu ɗakin suna ganin ai ƙararrawa ba ta ce komai ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 duhu ya mamaye jihohi 8 na Amurka da lardin Ontario na Kanada, ya shafi mutane kimanin miliyan 50.

Abin koyo a nan biyu ne. Na ɗaya, dole a sa wani mai gadi da ke duba mai gadin, wanda zai faɗa wa ma'aikaci a fili cewa idonsa ya rufe. Na biyu, ajiye kwamfuta ta biyu yana maganin lalacewar ƙarfe, amma ba ya maganin kuskuren da ke cikin manhajar da su biyun ke ɗauke da ita. Saboda haka ne a matatu da wuraren haɗari ake ware na'urar tsaro daban, wadda ba ta jiran skada, aikinta ɗaya ne: in abu ya wuce iyaka ta kashe injin.

Zaɓi na shida: ƙofar ɓarawo

Waɗanda suka tsara Modbus da ire-irensa ba su yi tunanin ɓarawo ba, domin a lokacin wayar ba ta fita daga harabar masana'anta. Yaren ba ya tambayar mai magana ko shi wane ne. Duk wanda ya ba da umarni za a bi. A 2000, a yankin Maroochy na ƙasar Ostireliya, wani tsohon ma'aikacin ɗan kwangila da ya fusata ya yi amfani da rediyo da kwamfutar hannu yana ba famfunan ƙazanta umarni daga cikin motarsa, har kimanin lita 800,000 ta malala cikin rafuka da wuraren shaƙatawa. A 2010 aka gano ƙwayar cutar Stuxnet, wadda ta shiga kayan Siemens a cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran, tana lalata injuna tana kuma nuna wa ma'aikata tsofaffin lambobi na lafiya. Ranar 23 ga Disamba 2015 kuma wasu suka kutsa cikin kamfanonin rarraba wuta uku a Yukren, suka yanke wa masu mita kimanin 225,000 wuta a tsakiyar hunturu.

Abin da ya ceci Yukren shi ne ma'aikata sun shiga mota sun je tashoshin sun mayar da makunnai da hannu, wuta ta dawo cikin 'yan awoyi. Don haka masu tsari suke cewa a raba hanyar injuna da hanyar ofis da ta intanet, a sa shinge tsakaninsu, kowane ma'aikaci da mabuɗinsa da iyakarsa, kamar yadda ƙa'idar IEC 62443 ta shimfiɗa. Sannan kada a yar da aikin hannu, kuma kada a bar waɗanda suka iya shi su ƙare.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu da yawa, 'yan'uwa. Wutar ƙasar nan a haɗe take da ta Kwaddibuwa, da Togo, da Benin, kuma tun 2018 akwai babban layi daga Bolgatanga zuwa Wagadugu. Ƙungiyar ECOWAS ta kafa shirin haɗa wutar Afirka ta Yamma a 1999, aka kuma buɗe cibiyar sa ido ta shirin a Calavi kusa da Kwatano a 2023. Ma'ana, ɗakuna irin na Tema suna ƙara yawa, suna kuma magana da juna, tangarɗar wata ƙasa tana iya tsallako iyaka.

Saboda haka duk lokacin da muka ji an sa hannu kan kwangilar sabunta tashar wuta ko gidan ruwa, akwai tambayoyin da ya kamata wakilanmu a majalisa da shugabannin zango su yi. Shin yaren da kayan ke ji na kowa ne, ko an ɗaure mu ga mai sayarwa guda? In ɗan kwangila ya tafi, a hannun wa mabuɗin manhajar da zanenta za su zauna? 'Yan ƙasa nawa za a horar, kuma shin an zauna da ma'aikatan da za su kwana gaban allon kafin a zana shi? Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ga matasanmu kuma, wannan sana'a ce da ba ta da cunkoso kamar sauran. Masana'antun Tema, da ma'adinan Obuasi da Tarkwa, da kamfanonin wuta da na ruwa, duk suna bukatar wanda ya iya karanta zanen waya, ya iya rubuta umarnin PLC, ya kuma san yadda kwamfutoci ke magana da juna. Ana koyon tushen wannan a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, da Jami'ar Ma'adinai da ke Tarkwa, da jami'o'in fasaha na jihohi. Yaron da ya taso yana taya maigidansa haɗa wayar gida ya riga ya taka matakin farko, abin da ya rage shi ne iyaye su daure su bar shi ya zurfafa karatu, mace ko namiji.

In wuta ta sake ɗaukewa, to, ba laifi mu yi tsaki kamar yadda muka saba. Amma mu tuna akwai wani bawan Allah a gaban allo yana ƙoƙarin gane abin da ya faru, kuma iyakar abin da zai gani shi ne abin da mai tsara manhajar ya ga dama ya nuna masa. Fatanmu nan gaba a sami 'ya'yan zango a kujerun biyu, ta mai kallo da ta mai tsarawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.